Leland Novotny, Sarkin Kyandir

Duk wanda ya yi karatun kiɗa a kwalejinmu a zamaninmu, in ka ce masa Leland Novotny sai ya ɗan tsaya tunani. Amma ka ce masa Sarkin Kyandir, to dariya za ta riga amsa fitowa.

Ɗan manoma ne daga gabashin jiharmu ta Nebraska a Amurka, jikan mutanen Cek ɗin nan da suka zo daga Turai suka cika yankin da masara da makaɗa. Ubansa yana busa a badujalar ƙauyensu, kakansa ma haka ya yi. Da aka tashi rabon kayan busa a gidansu, yayyensa suka kwashe masu sauƙin ɗauka. Shi da yake Allah ya ba shi jiki, sai aka ɗora masa tuba, babban ƙahon nan da in mutum ya zauna ya rungume shi ba ka ganin komai nasa sai ƙafafu. Ya karɓa. Leland ba ya gardama da abin da ya tarar ana yi. In ka ce masa tun kafin a haife shi haka ake yi, ka gama da shi.

Tare muka shiga kwaleji a farkon shekarun tamanin, aka haɗa mu ɗaki ɗaya. Ni makaɗin ganga ne, sunana Russell Tjaden, kowa Rusty yake ce mini. Safiyar farko na buɗe ido na same shi zaune a bakin gado, yana goge tubarsa da wani jan ƙyalle, yana zagayawa daga dama zuwa hagu, a hankali kamar mai yi wa jariri wanka.

Na ce, "Malam, in ka fara ta hagu me zai faru?"

Ya ɗago ya dube ni, ya yi tunani sosai, sannan ya ce, "Ban sani ba. A gidanmu ba wanda ya taɓa gwadawa."

A zango na biyu muka shiga ƙungiyar 'yan'uwantaka ta makaɗa maza. Tana da sunanta na haruffan Girka, amma ba mai wahalar da bakinsa. Kowa Gidan Ƙaho yake ce mata, saboda wani lanƙwasasshen ƙaho da aka rataye a ƙofar gidan da reshenmu yake. Aikinmu na fili kowa ya san shi: mu jera kujeru in za a yi wasa, mu je gidan tsofaffi da asibiti mu rera musu waƙa, mu tsaya ƙarƙashin tagar budurwar ɗayanmu mu yi ta rerawa har ta leƙo ko maƙwabta su kore mu. Na ɓoye kuwa shi ne bikin shigar da sababbi, wanda aka rantsar da mu kada mu faɗa wa kowa. Ba zan buɗe abin da ya kamata in rufe ba. Abin da zan faɗa, matanmu duka sun riga sun sani.

Yawancinmu abinci da abokan hira ne suka kai mu. Ranar da aka shigar da mu, aka ɗaure mana idanu, aka zaga da mu ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kowa yana riƙe da kafaɗar na gabansa. Ni damuwata ɗaya, kada in ci karo da injin wanki. Da aka kwance mana ƙyallen, sai ga manya tsaye cikin jajayen alkyabbu, kowa da kyandir a hannu, suna rera waƙar ƙungiya murya huɗu. Na juya zan ƙyafta wa Leland ido, sai na ga hawaye na bin kumatunsa har cikin kwalar riga.

Daga ranar ya daina kirana Rusty. Na zama Ɗan'uwa Tjaden, ko a ɗaki ne, ko aron safa yake nema.

Ba a rubuta kalmomin bikin nan, da ka ake gadonsu. Kafin shekara ta zagayo Leland ya haddace su tas, nasa da na kowa, har da inda ake yin shiru da tsawon shirun. In shugaban lokacin ya yi tuntuɓen harshe, sai ka ji wata ƙatuwar murya daga bayan layi tana gyara masa. Don a huta da shi, aka naɗa shi mai kula da al'ada. Ba a huta ba. Alkyabbun da suka daɗe suna warin ɗaki ya kwashe ya kai wa uwarsa ta wanke ta ɗinke. Kyandirori kuwa ya ce na kanti ba su dace ba, sai na kakin zuma, kuma ba mai kunna su sai shi, da ashana, ba da abin kunna sigari ba. Nan sunan ya samo asali. Wanda ya raɗa masa shi Chet Balaban ne, mai busa bigila, ɗan birnin Omaha, wanda bakinsa bai san hutu ba ko babu ƙaho a ciki.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Kyandir," in ji Chet, yana rusunawa har ƙasa. "A ba mu izini mu zaga banɗaki, ko sai an rera baiti?"

"Ba a wasa da al'ada, Ɗan'uwa Balaban."

"Ni ma abin da ya taso mini ba wasa ba ne."

Sunan bai fita gari ba sai a hunturun shekararmu ta uku. Hukumar makaranta ta sa an maƙala ƙararrawar hayaƙi a duk gidajen ɗalibai. Bikin shigarwa ya faɗo wata Lahadi da la'asar, muka toshe tagogi da barguna don a sami duhu. Leland ya kunna kyandirorinsa, ya ƙara wasu a kan matakala, wai bara ya lura wurin bai yi kwarjini ba. Ana tsakiyar waƙa sai ƙararrawa ta ɗauka. Muka yi waje a guje cikin alkyabbu, dusar ƙanƙara har gwiwa. Sababbin su shida ne, idanunsu a ɗaure, Leland ya hana a kwance musu. Shi ya shige gaba, ya ɗora hannun na farko a kafaɗarsa, ya fito da su a jere, ba gaggawa.

Motar 'yan kwana-kwana ta iso, mutanen unguwa suka firfito. Babban 'yan kwana-kwanan ya dube mu, ya dubi samarin nan shida suna rawar sanyi, ya ce, "Kai, wane ne babba a nan? A cire wa bayin Allah ƙyallen nan mana."

"Yallaɓai, sai an gama waƙa ake cirewa," in ji Leland.

"To a gama."

Haka muka tsaya a ƙofar gida, gaban 'yan kwana-kwana da matan unguwa da karnukansu, muka rera sauran baitocin waƙar da muka rantse bare ba zai ji ta ba. Leland bai yarda an tsallake ko ɗaya ba. Da muka kai ƙarshe wata tsohuwa ta tafa, ta ce a maimaita. Jaridar makaranta ta buga hotonsa, baki a wangame, alkyabba ta tsaya masa a gwiwa. Da Chet ya tambaye shi ina sirri ya tafi, sai ya ce dokoki biyu ne suka ci karo, ta sirri da ta gama waƙa kafin a cire ƙyalle, shi kuma ya ɗauki wadda ta fi tsufa.

Wanda ya ji wannan zai ce me ya kai mu zaɓarsa shugaba a shekararmu ta ƙarshe. Chet ne ya tsaya takara da shi, kuma alƙawarin Chet ɗaya ne: zai rage bikin da rabi, lokacin da ya ragu a gasa nama. An tafa masa ƙwarai. Da aka ƙirga ƙuri'a Leland ya kayar da shi, kuma ina kyautata zaton Chet ma Leland ya jefa wa.

Dalili shi ne al'adun Leland ba a ɗakin ƙarƙashin ƙasa suka tsaya ba. In ɗan'uwa ya shiga jarrabawar busa gaban malamai, yana buɗe ƙofa zai tarar da mu zaune a baranda muna jiransa, wai al'ada ce. In idin godiya ya zo, duk wanda gidansu ya yi nisa Leland zai cusa shi a motar ubansa ta ɗaukar kaya, ya kai shi gona, uwarsa ta yi ta ɗura masa talotalo da gurasar kolaci har ya kasa tashi, wai al'ada ce, ɗan'uwa ba ya cin idi shi kaɗai. Da mahaifin Chet ya rasu, Leland ya tattara mu muka tafi Omaha cikin ƙanƙara, muka tsaya a bayan coci muka yi waƙa. Mun tambayi tsofaffin 'yan ƙungiya, ba wanda ya tuna da waɗannan al'adu a zamaninsa. Ba mu taɓa tuhumarsa ba. Ina jin shi kansa ya yarda tsofaffi ne.

Akwai mutum ɗaya da Leland yake gani kamar waliyyi: Baba Harlan Teague, mai kantin ƙusa da fenti a cikin gari. Ya gama kwalejin tun kafin a haife mu, amma bai taɓa fashin bikin shigarwa ba. A hannunsa sandar jagoran kiɗa ta wanda ya kafa reshenmu take, 'yar siririya mai kan azurfa, wadda ake taɓa kafaɗar sabon ɗan'uwa da ita in ya gama rantsuwa. Yakan zo da ita cikin akwatinta, ya koma da ita. Leland kaɗai yake bari ya riƙe. "Yaron nan," yakan ce, "shi kaɗai ya san abin da yake yi a cikinku." Har ya yi masa alƙawarin zai sa baki a ba shi jagorancin biki a babban taron uwar ƙungiya na ƙasa, abin da Leland yake mafarkinsa ido biyu.

A wannan shekarar ne Arlo Friesen ya nemi shiga. Siririn saurayi ne mai ƙarancin magana daga kudancin jiha, kuma tunda nake ban ji murya irin tasa ba. In ya ɗauki sama, sai ka ji sauranmu kamar shanu a bayansa. Ya yi watannin gwaji ba ƙorafi, ya ɗauki kujeru, ya wanke kwanuka, ya haddace tarihin ƙungiya. Biki ya matso, sai ga shi ya ƙwanƙwasa ɗakinmu.

"Shugaba, an ce mini akwai rantsuwa a ciki."

Leland ya haɗe rai. "Wa ya gaya maka?"

"Budurwar Chet."

Leland ya runtse ido, ya ja numfashi. "Akwai. Gajeriya ce. Ka ɗaga hannu, ka ce na rantse, ka bi abin da na faɗa."

"Ba zan iya ba. Mu 'yan cocin Menonait ne, ba ma rantsuwa. Ko a kotu ba ma yi. Namu eh ne ko a'a, ba ƙari. Haka aka tashe mu."

"To ai... ai kowa yana yi."

"Na sani. Shi ya sa na zo da wuri, kada in ba ka kunya ranar."

Ya yi sallama ya fita. Leland ya kira taron 'yan'uwa, aka yi ta ka-ce-na-ce. Wasu suka ce a sallame shi, doka doka ce. Wasu suka ce a soke rantsuwar gaba ɗaya a huta. Chet ya ce, "Haba jama'a, duhu ne fa a ɗakin nan. Ya motsa leɓe kawai, wa zai sani?"

"Ni zan sani," in ji Leland. "Shi ma zai sani. Kuma ba zai yi ba."

Da taron ya watse ba matsaya, sai ya ja ni muka tafi kantin Baba Harlan. Muka same shi yana dama fenti. Ya saurara har ƙarshe, bai daina damawa ba.

"Ba rantsuwa, ba ɗan'uwa," ya ce. "Ni na rantse, wanda ya shigar da ni ya rantse. Gobe wani ya zo ya ce addininsa ya hana jan kaya, sai mu koma fararen alkyabbu? In waƙa yake so, ga coci-coci nan cike da gari."

"Baba, da ka ji muryarsa..."

"Ba murya muke ɗauka ba, yaro. Kai ka fi kowa sani."

"Gaskiya ne, Baba," in ji Leland.

Daga nan ya daina cin abinci. Mutumin da yake cinye nasa ya fara kallon naka, sai ga shi yana tura mini farantinsa. A ƙarshen mako ya ce in shirya mu tafi garin su Arlo, can ya je hutu. Ya yanke shawara zai ce masa a yi haƙuri, amma ba a sallamar mutum ta waya, sai ido da ido, gaban iyayensa. Wannan ma al'ada ce, in ji shi.

Muka isa ana shirin shiga coci, ba yadda muka iya, muka bi su. Farin bango ne kawai da bencuna. Ba hoto, ba fiyano, ba kyandir ko ɗaya. Na ga Leland yana waige-waige kamar mai neman inda aka ɓoye kaya. Can wani dattijo ya ba da sauti daga inda yake zaune, sai jama'a suka ɗauka, manoma da matansu da 'ya'yansu, murya huɗu cif, ba mai yi musu jagora, ba mai riga wani. Leland ya riƙe bencin gabansa da hannu biyu. Har aka tashi bai saki ba.

A gidan su Arlo kakarsa ce ta tarbe mu, 'yar ƙaramar tsohuwa da baƙin ɗankwali. Ta ɗaga kai ta ƙare wa Leland kallo.

"Wannan ne shugaban? Arlo, shi ne ka ce ya daina cin abinci? To ba a gani ba tukuna. Zauna, ɗana, kada kujerar ta ji tsoro."

Ta zuba masa miyar kabeji da nama, ta tura masa kwandon gurasarsu mai hawa biyu. Ya ci, ta ƙara, ya ci. Da ya ɗan dawo hayyacinsa sai ya juya ga mahaifin Arlo.

"Baba, wannan zancen rantsuwa, tun yaushe kuke haka?"

"Tun kafin kakanninmu su baro Rasha. Kai, tun kafin su je Rashar ma. An ɗaure wasu a kai, an kori wasu daga gonakinsu."

"Ba wanda ya taɓa cewa a ɗan sassauta?"

"Ana samu. Kowane zamani ana samun mai cewa."

"Sai ku ce masa me?"

"Sai mu ba shi abinci," in ji tsohuwar, ta ƙara masa miya.

Muka yi sallama muka kamo hanya, Leland bai faɗi abin da ya kai shi ba. Muka yi ta wuce gonakin masara da aka girbe. Can ya buga sitiyari da tafin hannu.

"Ɗan'uwa Tjaden, mutanen nan sun fi mu."

"A waƙa? Ai na ji."

"A riƙo. Ɗaruruwan shekaru ba su canza wasali ba. Tamu kuwa da ƙyar ta girmi kakarsa. Yanzu ni, ni Leland, zan ce wa mutum ya karya al'adarsa kafin ya shiga tamu? To in ya karya, me muka samu? Mun sami mai karya al'ada. Irin Chet muke nema a ƙara mana?"

Ya sake kiran taro. Ya tsaya gabanmu, fuskarsa ja wur, ya ce kowa zai rantse kamar kullum, amma Arlo tambayarsa za a yi, ya amsa da bakinsa, amsarsa ta zama rantsuwarsa. Ya ce in laifi ne, nasa ne shi kaɗai. Aka kaɗa ƙuri'a, ya ci da ƙyar. Chet ya hau kan kujera ya ɗaga hannu sama.

"Jama'a ku shaida! Sarkin Kyandir ya yi bidi'a!"

Leland bai yi dariya ba. Da kansa ya je ya gaya wa Baba Harlan. Ni a mota na zauna ina hangen su ta gilashi. Leland yana tsaye da hula a hannu yana ta magana, tsohon bai ɗago kai ba ko sau ɗaya. Da ya fito ya daɗe bai tayar da mota ba.

"Ba zai zo ba," ya ce. "Sandar ma ba za ta zo ba." Ya juyo ya dube ni. "Kana da makaɗin ganga wanda bai tsage ba?"

Da makaɗin da nake buga ganga aka yi bikin, a madadin sandar. Kyandirori kaɗan aka kunna, daidai yadda 'yan kwana-kwana suka gindaya mana. Sauran sababbin suka rantse ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Arlo, sai muka gane Leland bai rage komai ba, ƙari ma ya yi. Ya shirya wa tambayar gabatarwa. Ya faro daga waɗanda suka kafa ƙungiya, ya bi ta kan ma'anar ɗaga hannu, ya shiga tarihin kakannin Arlo, har kyandir ya fara ɗiga mini a yatsa. Da ƙyar ya iso.

"Arlo Friesen, za ka tsaya tare da mu, a daɗi da wuya, muddin kana numfashi?"

"Eh."

Ɗakin ya yi tsit. Leland ya tsaya yana jira. Shirun ya yi tsawo, ya sunkuya ya yi masa raɗa, amma raɗar mai busa tuba kowa yana ji.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Shugaba."

Na ga alkyabbar Chet tana karkarwa, yana danne dariya. Leland ya ɗaga makaɗin ya taɓa kafaɗar Arlo. Sannan muka ɗauki waƙa, karon farko da muryar Arlo a sama. Ba mu taɓa rera ta haka ba.

Abin bai tafi a banza ba. Baba Harlan ya kai ƙara uwar ƙungiya, aka turo wani mutum mai kwat da jaka ya yi mana tambayoyi. Duk wanda aka kira sai ya fara kame-kame, ban da Leland. "Ni na yi, yallaɓai," ya ce, "kuma in an sake kawo mini shi haka zan yi." Aka ja wa reshenmu kunne, aka hana mu zuwa babban taro a shekarar, sunan Leland kuma aka cire shi daga masu jagorancin biki. Ranar da ake taron ya wuni a ɗaki yana busa, har 'yan ɗakin ƙasa suka zo roƙon ya bari. Baba Harlan kuwa in ya hango shi a titi sai ya tsallaka ɗaya gefen. Wannan ya fi komai yi wa Leland ciwo. Bayan wasu shekaru uwar ƙungiya da kanta ta ba da izinin a riƙa tambayar waɗanda ba sa rantsuwa. Ba wanda ya ambaci sunansa a sanarwar, shi ma bai nema ba.

Muka gama karatu muka watse. Leland ya sami aikin koyar da badujala a wata sakandare can yammacin jiha, inda shanu suka fi mutane yawa. Ya auri Lorna Pekarek, ma'aikaciyar asibiti, mace mai haƙuri da ba'a daidai da daidai. Arlo ya koma gona, kuma bai taɓa fashin taron tsofaffin 'yan'uwa ba. Chet ya shiga sayar da inshora, ya yi tumbi, ya zama ba wanda ya kai shi faɗa in yaran yanzu suka rage kalma ɗaya a biki.

Mun fara furfura lokacin da Baba Harlan ya rasu. Matarsa, Inna Doris, ita ta buga wa Leland waya.

"Ya ce kai za ka ja waƙar a bakin kabarinsa."

"Ni, Inna? Rabon da ya yi mini magana tun muna makaranta."

"Ai bai ce ya yafe maka ba. Cewa ya yi kai ɗan bidi'a ne, amma in an bar wa sauran za su yi sauri a baiti na uku."

Leland ya ce, "Arlo Friesen fa? Zai iya zuwa?"

"Shi ma ya yi maganarsa. Ya ce wannan da bai rantse ba ya tsaya a baya. Amma ya ɗaga murya."

Leland ya ratsa jihar daga wannan baki zuwa wancan, ya tattara mu, ya sa muka yi gwaji a wurin ajiye motoci. A maƙabarta Arlo ya tsaya a baya kamar yadda aka ce, ya ɗaga murya. Ba a yi sauri a baiti na uku ba. Leland ya ja shi har na ji numfashina zai ƙare, kuma bai yi kuka ba sai da ya sauke hannu.

Yanzu ya yi ritaya. An canza masa gwiwa ɗaya, likita ya hana shi tafiya da tuba, don haka a zaune yake busa. 'Yarsu ɗaya ce, Milena, kuma ta san ubanta. Da ta tashi aure bara, ita da saurayinta suka je kotu da shaidu biyu, aka ɗaura, suka fito suka ci abinci a wani ɗan shago, sannan ta kira shi ta gaya masa. Lorna ta sani tun farko, ita ce ma shaida ta ɗaya.

Aka ce Leland ya fita ya zauna a baranda. Daga baya ya ce ba komai, Allah ya sa albarka, amma a bar shi ya yi ɗan abincin rana, iyali kawai. Milena ta yarda.

An gayyace ni a matsayin iyali. Tun daga bakin titi na fara jin busa. Na shigo na tarar da rumfa ta rufe filin bayan gida, tsofaffin ɗalibansa sun cika gefe guda da ƙahonni, 'yan'uwan ango an jera su bisa shekaru. Milena tana zaune ita kaɗai a kan babban tebur, ta rafka tagumi.

"Kawu Rusty," ta ce, "ka ga abin da na guda?"

Na ce, "Ina mijin naki?"

Lorna ta nuna mini da cokali. "Ga shi can. Tun da sanyin safiya ake koya masa yadda ake shigowa."

Angon kuwa, wani yaron kirki likitan haƙori, yana tsaye a bakin rumfa cikin kwat, gumi na zuba, yana kallon hannun surukinsa, yana jiran a ba shi alama ya shigo ya zauna kusa da matarsa.